Me Ya Hana Tuwo Hawa Bene?

Gabatarwa

Kwanakin baya wani ɗan'uwanmu malami ya zo Ikko daga Arewa domin duba takardun jarrabawar ɗalibanmu. Da aiki ya ƙare sai muka ga ya kamata mu fita kunyar baƙo, don haka muka ɗauke shi muka haye gada zuwa Victoria Island, inda manyan bankuna da ofisoshin kamfanonin mai da na waya suka jeru. Muka shiga wani gidan abinci da ke saman bene. Mai gadin da ya buɗe mana ƙofa Bahaushe ne, ya gaishe mu da "Ranku ya daɗe, sannunku da zuwa." Daga kansa ba mu sake ganin wani Bahaushe a cikin ma'aikatan gidan ba, daga masu kawo abinci har mai karɓar kuɗi.

Aka miƙo mana takardar jerin abinci mai shafuka da yawa. Ga abincin Sinawa, ga na Italiya, ga na Kwarori, ga na Indiya. A shafin abincin gida kuwa ga amala da ewedu, ga sakwara da agushi, ga shinkafar Ofada, ga miyar afang ta mutanen Kalaba. Baƙonmu ya duba daga farko har ƙarshe, ya sake dubawa, ya sami namu guda biyu tak: tsire a sahun abin taɓa ka lashe, da zoɓo a sahun abin sha. Ya cire tabarau ya dube mu, ya ce, "Malam, ashe duk faɗin ƙasar Hausa tsire kaɗai muka iya?"

Wannan tambaya ita ce dalilin wannan maƙala. Ra'ayinmu shi ne, rashin abincin Hausa a gidajen abincin tsakiyar birnin Ikko asara ce babba ta kuɗi da ta mutunci, kuma mafi yawan laifin namu ne. Mun raina sana'ar dafa abinci, mun raina masu yin ta, har muka kai ga raina abincin da aka yaye mu da shi. Za a sami waɗanda wannan magana ba za ta yi musu daɗi ba, to amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Cin Abinci a Waje Ya Zama Dole

Kafin mu shiga maganar sosai, bari mu sallami waɗanda kullum amsarsu ita ce mutumin kirki a gidansa yake cin abinci. Wannan magana ta dace da manomin da gonarsa ke bayan gari, ko ɗan kasuwar Kurmi da yaro zai kawo masa akushi daga gida da rana. Ma'aikacin da ke kwana a Agege ko Ikorodu, yana aiki a Marina ko titin Broad, kan bar gida kafin asuba don ya riga cunkoson motoci hawa babbar gadar nan ta uku da aka kammala a 1990, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, kuma ba ya komawa sai bayan lisha. Wanda ya ce irin wannan mutum ya koma gida cin abincin rana, bai san Ikko ba.

'Yan kasuwa sun daɗe da gane haka. Kamfanin UAC ya buɗe gidan Mr Bigg's na farko a Marina a 1986. Ko da aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991, gwamnati ce ta tashi, kasuwanci ya zauna inda yake, bankuna ma suka ƙara bazuwa zuwa Victoria Island da Ikoyi. Tantalizers ya fito a 1997, Chicken Republic a 2004, KFC na Amurka ya shigo a 2009. Bayan waɗannan na masu gaggawa, sai ga gidajen alfarma a titunan Adeola Odeku da Akin Adesola da Awolowo, inda ake ƙulla ciniki na miliyoyi a kan teburin abinci. A ƙasa da su duka kuma ga mata masu tukwane a bakin titi, waɗanda ke ciyar da masinja da direba da leburan gini. Tun daga saman bene har ƙarƙashin gada, kowa a waje yake cin abincin rana. Saboda haka abin tambaya shi ne, wa ke dafa wannan abinci, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga?

Kura da Shan Bugu

Mu dubi abin da ke cikin farantin da aka ajiye a gabanmu a saman benen nan. Tumatirin da ya rina shinkafar, akwai kyakkyawan zaton daga Kadawa ko Kura ko Danja ya taso. Albasar daga Aliero ko Sakkwato. Saniyar da aka yanka a mahautar Oko-Oba da ke Agege ta biyo ta kasuwar Potiskum ko Maigatari ko Mubi. Waken ya ratsa Dawanau, cittar ta Kaciya ce, dankalin na Jos ne, zoɓon na Jigawa. Yawancin kayan miyar a kasuwar Mile 12 aka sauke su, bayan tafiyar kimanin kilomita 1,000 a bayan tirela, cikin rana da ruwa, ana biyan kuɗi a shinge bayan shinge, ana fargabar ɓarayi da masu garkuwa da mutane. Kafin a iso, wani kaso na kwandunan tumatir ya riga ya ruɓe, kuma asarar a wuyan manomi da falke take.

To, mu dubi takardar kuɗin da aka kawo mana. Bayan kuɗin abincin, akwai harajin tarayya na VAT wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, da harajin jihar Ikko na kashi 5 cikin ɗari da dokar 2009 ta ɗora wa otal-otal da gidajen abinci, da kuma ladan hidima. Gwamnati ta ci, mai gidan haya ya ci, kuku ya ci, mai gidan abinci ya ci. Tsinken tsiren da ake sayarwa a Obalende, idan ya haye gada aka jera shi a farin tangaran da yankan albasa a gefe, kuɗinsa kan ninka sau da yawa, kuma ba mahaucin da ya san sirrin ƙuli-ƙuli da masoro da kimba ne ke cin wannan ninki ba. Babu inda riba ta fi kauri a harkar abinci kamar tsakanin tukunya da baki, nan ne kuwa muka bar wa wasu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya faru a 2021 ya isa darasi. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun a watan Fabrairu na shekarar, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu. Kayan miya da nama suka yi tsada a Ikko, wasu daga cikinmu suka yi ta murna wai an nuna musu. Amma a daidai wannan lokaci tumatir ya yi kwantai a kasuwannin Arewa, farashinsa ya faɗi, manoma suka rasa yadda za su yi da shi. Ba a daɗe ba aka janye yajin a farkon watan Maris. Wanda ɗanyen kaya kaɗai yake sayarwa ba ya iya doguwar zuciya, domin kayansa ba sa jiran a shirya. Da a ce muna da hannu a sarrafa kayan da dafa su da sayar da su a dafe, da ƙarfinmu a wannan ciniki ya wuce na tare hanya.

Inda Gizo Ke Saƙar

Me ya hana mu? Ba rashin iya girki ba ne. Al'ummar da ta san tuwon shinkafa da miyar taushe, da waina da sinasir da funkaso da alkubus, da dambu da ɗanwake da burabusko da dashishi, da alkaki da nakiya da dubulan, da kunun gyaɗa da na tsamiya da na zaƙi, ba za a ce mata ba ta san tukunya ba. Ba kuma rashin sabo da Kurmi ba ne. Tun kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 fatakenmu ke sauka Ikko, an kuma kafa Sabon Badun a 1916. Abin mamaki ma, kalmar "buka" da mutanen Kudu ke kiran ƙaramin gidan abinci da ita, ƙamusun Oxford da ya shigar da ita a 2020 ya danganta asalinta da Hausa da Yarabanci, wato bukkar nan tamu. Mun ba da suna, mun ba da kayan miya, muka koma gefe.

Dalilin yana cikin yadda muka jera sana'o'i daraja-daraja. Masanin nan M. G. Smith, a nazarin da ya buga a 1959 kan matsayin mutane a al'ummar Hausa, ya nuna cewa mahauta suna daga cikin waɗanda aka ajiye a ƙasan tsani. Ba sai Bature ya gaya mana ba, mun san gidaje nawa ne har yau za su hana ɗan mahauci aure ko da ya tara digiri. Sayar da tuwo da miya a fili kuwa, a tasha ko a kasuwa, mun daɗe da jingina shi ga zawarawa da mata masu zaman kansu da 'yan daudu, kamar yadda Rudolf Gaudio ya bayyana game da 'yan daudun Kano a littafinsa na 2009. Sakamakon haka, yaron da ya ce wa ubansa yana son koyon girki ya zama sana'arsa, sai a fara yi masa kallon tuhuma. Yarinyar da ta ce za ta buɗe gidan abinci, sai a ce za ta kori manema.

Abin dariya a nan shi ne rashin daidaiton wannan hukunci. Da wuya a sami wata unguwa a Ikko da babu mai shayi Bahaushe, yana soya ƙwai yana dafa taliya har tsakar dare, babu mai cewa ya zubar da mazantaka. Mai tsire yana wuni a gaban wuta, mai gurasa yana yanka albasa yana barbaɗa yaji. Duk waɗannan girki ne. Amma da zarar an ɗora tukunyar miya an ɗauko muciya, sai abu ya zama abin kunya. Wace aya ce ko wane hadisi ya halatta wa namiji kaskon suya ya haramta masa tukunyar tuwo? Babu. Abin da addini ya zo da shi shi ne yabon wanda ke ci daga guminsa. Al'ada ce muka ƙaga, muka lulluɓe ta da mayafin addini don kada a taɓa ta.

Wannan al'ada kuwa ba ta hana matanmu dafa abincin sayarwa ba, ɓoye su kawai ta yi. Polly Hill ta yi rubutu a 1969 kan ɓoyayyen cinikin da matan kulle ke yi a ƙasar Hausa, Abner Cohen kuma a shekarar ya kawo labarin Sabon Badun, inda masu gidaje ke saukar da fatake su ciyar da su. Uwa tana dafawa a tsakar gida, amma wa ke kai abincin ga mai saye? 'Yarta ce, 'yar shekara 9 ko 10, da faranti a ka, tana ratsa tasha da gareji a lokacin da sa'o'inta ke aji. Mun ƙi yarda babbar mace mai hankali ta zauna a tsabtataccen shago da sunanta a ƙofa ta sayar da abinci, wai don kare mutunci, amma mun yarda ƙaramar yarinya ta shiga tsakanin ƙartai da tallar shinkafa da wake. Idan wannan shi ne kare mutunci, muna son a gaya mana abin da ake kira zubar da shi.

Hujjojin da Ake Kafawa

Duk lokacin da muka tayar da wannan magana a cikin 'yan'uwa, hujjoji uku ake kawo mana. Ta farko ita ce ƙyamar da ake nuna wa ɗan Arewa a Kudu, da tsadar haya, da rashin jari. Ba mu musanta ƙyama ba. Muna nan aka yi rikicin Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016, mun kuma ga yadda hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Ikko a 2022 ya jefa samarinmu masu yawa cikin rashin aiki. To amma wannan ƙyama ba ta hana 'yan canjinmu zama a titin Broad da bakin manyan otal-otal suna juya dala da fam ba. Ba ta hana Aliko Dangote da Abdussamad Rabi'u, dukansu Kanawa, kafa hedkwatar kamfanoninsu a Ikko ba. Ba muna tuhumar waɗannan bayin Allah ba ne, muna nuna cewa al'ummar da ta fitar da masu sayar wa ƙasa sukari da fulawa ba za ta kafa hujja da rashin jarin hayar ɗaki biyu da sayen tebura ba. Alhajin da zai zuba kuɗi a tirela ta goma ba zai zuba rubu'insu a gidan abinci ba, don kada a ce da shi mai tuwo.

Hujja ta biyu ita ce giya. Ana cewa gidan abinci a irin wannan unguwa ba ya tsayawa sai da barasa, Musulmi kuwa ba zai sayar ba. Gaskiya ne gidajen alfarma da yawa suna samun riba mai kauri daga kwalba. Amma gidajen gaggawan da muka ambata a baya da kaza da shinkafa da burodi suka kafu, haka ma shagunan amala da ma'aikatan banki ke yi wa layi da rana. Ban da haka, Ikko cike take da Musulmi, Yarabawa da waɗanda ba Yarabawa ba, waɗanda ke neman wurin da za su ci nama ba tare da shakkar yanka ba, su kai iyalinsu ba tare da an ajiye kwalba a teburin kusa ba. Abin da muke ɗauka cikas, ɗan kasuwa mai ido zai ɗauke shi jari. Mu da ke da zoɓo da kunun aya da fura da nono da lemon tsamiya, me za mu rasa na cika kofi?

Hujja ta uku ita ce ta fi ba mu takaici, domin daga bakin 'yan boko take fitowa. Wai abincinmu ba shi da fasali, wai miyar kuka ba ta da kyan gani, wai tuwo ba ya ciyuwa da cokali mai yatsu. Wanda ya faɗi haka ya je ya ga yadda manajan banki ke naɗe hannun riga, a kawo masa ruwan wanke hannu, ya sa yatsu a amala baƙa ƙirin da ewedu mai yauƙi, yana ci yana alfahari. Da me amala ta fi tuwon dawa kyan gani? Da me ewedu ta fi kuka ko karkashi? Bambancin ɗaya ne: Bayarabe ba ya jin kunyar abincin uwarsa a gaban kowa. Basine bai bar tsinkayensa don ya faranta wa baƙo ba, sai baƙon ne ya koyi riƙe su. Mutanen Habasha a Washington da hannu ake cin abincinsu, Turawa na zuwa suna biya. Mu ne kaɗai za mu ci tuwo da dare a ɓoye, da rana kuma mu zauna a gaban baƙi muna fama da wuƙa da cokali a kan abincin da ko sunansa ba mu iya faɗa ba.

Gani ga Wane

A watan Fabrairu na 2024 wani gidan abinci a Landan ya sami tauraron Michelin, lambar da kukun duniya ke mafarkin samu. Mai gidan, Adejoké Bakare, ita ce baƙar mace ta farko da ta sami wannan lamba a Ingila. A Kaduna ta girma. Sunan gidan nata Chishuru, daga Hausa ta samo shi, wato "ci shiru", irin shirun da kan sauka idan abinci ya yi daɗi. Daga cikin abubuwan da ta ciyar da mutanen Landan har da sinasir da masa. A 2022 kuma Fatmata Binta, Bafulatana haifaffiyar Saliyo da ke aiki a Ghana, ta ci babbar kyautar girki ta duniya da ake bayarwa a yankin Basque na ƙasar Sifen, saboda abincin Fulani da take shimfiɗa tabarma ta ciyar da baƙi, da kuma ƙoƙarinta a kan acca. Accar nan da muke kira abincin masu ciwon sukari, Pierre Thiam na Senegal ya ɗauke ta ya kai kantunan Amurka.

Ba mu kawo waɗannan misalai don mu ce an sace mana wani abu ba. Abinci ba shi da shinge, kuma wanda ya daraja abu shi ya fi cancanta ya ci moriyarsa. Yabo ya kamace su. Mun kawo su ne don su ƙaryata masu cewa abincinmu ba ya shiga taro. A Ghana ma, abincin da matan zango suka yaɗa ya zama na ƙasa baki ɗaya: waakye daga wake ya samo suna, tuo zaafi tuwon zafi ne, kokon safe kuwa har yau da sunan Hausa ake kiransa. A nan gida, lokacin da Hilda Baci ta shafe sa'o'i 93 da minti 11 tana girki a Ikko a 2023 ta shiga kundin Guinness, gwamna da manyan mutane suka je taya ta murna. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, da 'yar Hausawa ce ta tsaya a gaban jama'a kwana huɗu tana girki, addu'a za mu yi mata ko tsinuwa?

Ba mu manta ba cewa an fara motsi. A Kano da Kaduna da Abuja akwai gidajen masa da na tsire da na fura masu tsabta da tsari, akwai kuma matasan mata da ke karɓar odar abinci ta waya suna aikawa ofisoshi. Waɗannan sun cancanci a ƙarfafa musu gwiwa. Sai dai yawancinsu da ɗan abin hannunsu suka fara, ba tare da tallafin masu kuɗinmu ba, kuma sau da yawa suna yi ana yi musu gori. A tsibirin Ikko kuwa, inda kuɗin ya fi yawa, har yanzu gurbinmu a bakin ƙofa yake.

Laifin Masu Alƙalami

Tunda wannan mujalla ta masu ƙirƙira ce, bai kamata mu taka namu tudun mu hango na wasu ba. Duk wanda ya karanta littattafan soyayyarmu tun daga shekarun 1990, ko ya kalli finafinan Kano, ya san yadda ake nuna arziki da talauci ta hanyar abinci. Idan marubuciya tana son mu san gidan masu hali ne, sai ta jera abinci masu sunayen Turanci a kan tebur. Idan tana son mu tausaya wa marainiya, sai ta ba ta ɗumamen tuwo da miyar kuka. Idan saurayi zai burge budurwa, sai ya kai ta inda ake cin abin da kakarsa ba ta taɓa gani ba. Mai sayar da abinci a labaranmu kuwa, in ba 'yar duniya ba ce to abin dariya ce. Yaron da ya tashi yana karanta wannan yana kallon wannan, ta yaya zai girma ya yi sha'awar sa sunansa a ƙofar gidan tuwo?

Mu malamai ma ba mu tsira ba. Mun sa ɗalibai sun rubuta kundaye a kan waƙoƙin sarauta da kirarin 'yan dambe, abin da yake daidai ne, amma kundi nawa muka sa aka rubuta a kan kalmomin girki, a kan bambancin rude da talge, a kan yadda ake kaɗa miya ko tsuga gari, a kan sunayen miya daga Sakkwato zuwa Haɗeja? Tsofaffin da suka san yadda ake nakiya da alkaki na asali suna ƙarewa, ilminsu yana bin su kabari. Har sunan tsire ma ba mu riƙe ba. Bahaushe ya san tsire daban, balangu daban, kilishi daban, suya kuwa aikin soyawa ce. Amma da sunan "suya" duniya ta san naman, da shi kuma ya shiga ƙamusun Oxford, mu kanmu yanzu haka muke faɗa idan mun haye gada.

Kammalawa

Abin da muke kira a yi ba shi da wuyar fahimta. Masu kuɗinmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, waɗanda kayan ke ratsa hannunsu tun da fari, su haɗa jari su buɗe gidajen abinci a inda ma'aikata suke, wasu na alfarma, wasu na mai ƙaramin ƙarfi, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kuma albashin naira 70,000 da aka tsayar a shekarar ba ya hawa bene. Su ɗauki iyayen da ke dafawa a ɓoye aiki da albashi, don 'ya'yansu mata su ajiye faranti su ɗauki allo da littafi. A kula da tsabta da awo da cika alkawari, domin a nan ne sau da yawa muke faɗuwa, kuma mai saye ba zai yafe ƙuda don yana son Hausa ba. Malamanmu na addini su faɗa a kan mumbari cewa dafa abinci a sayar halal ne ga namiji da mace. Iyaye su bar yaron da ke da sha'awa ya tafi makarantar koyon girki kamar yadda za su bar ɗan'uwansa ya tafi koyon aikin lauya. Marubuta kuma su daina mayar da tuwo alamar tsiya. Ɗalibanmu na wannan sashe, idan sun je hutu, kowa ya zauna kusa da murhun kakarsa da takarda da biro.

Da muka sauko daga benen nan a daren, mun tarar da mai gadin zaune a kan benci a bayan ɗakinsa, da ƙaramin kwanon ɗanwake a gabansa, wanda ya ce wata baiwar Allah ce ke kawo musu daga Obalende. Yana ganinmu ya tura kwanon gaba ya ce, "Bismillah, ranku ya daɗe." Duk kuɗin da muka kashe a sama babu wanda ya ce mana haka. Baƙonmu ya tsuguna ya ɗauki biyu ya kai baki, ya ce rabonsa da ɗanwake mai daɗin wannan tun rasuwar mahaifiyarsa. Matar da ta dafa shi tana nan a wani lungu, ba mu san sunanta ba, kuma babu hawa ko ɗaya a benen da ya fi ƙarfin girkinta. Allah ya ba mu ikon gyarawa.